Rakiyar Baba Kanta

Nas Balaraba ta kwance na'urar awon jini daga hannun Baba Kanta. Tsohon masuncin lafiyarsa ƙalau, amma duk mako sai ya zo asibitin nan na Madarumfa da ciwon kai.

A gefe Nafisa ce zaune, ma'aikaciyar bincike daga Maraɗi. An turo ta ta gano ko damuwa na cikin abin da ke kawo mutane ƙananan asibitoci. In an samu, ma'aikatar lafiya a Yamai za ta koya wa nas-nas sauraron masu ita, in ba a samu ba a rufe zancen. Yau aikin zai ƙare, kuma duk wanda aka tambaya amsarsa guda ce.

"Baba, akwai abin da ke damun ranka?" Balaraba ta tambaya.

"Babu komi, ɗiyata. Sai godiya."

Nafisa ta rufe fuska da tafin hannu. "In na rubuta wannan, Madarumfa ta fi ko'ina kwanciyar hankali a duniya."

Abin ya ba Balaraba dariya, ya kuma ba ta haushi, don ta san tsohon nan zai ci gaba da haɗiyar ƙwayoyi a banza.

Da zai tashi, sai ya zaro kifi a leda ya ajiye mata. To, wanda ya kawo maka tsaraba ba a barinsa ya fita shi kaɗai. Ta saka takalmi ta bi shi rakiya.

A bakin ƙofa ta ce, "Kifi mai kyau haka, sai hannunka, Baba."

Sai da suka wuce mai shayi sannan ya amsa. "Ba ni na kama ba. Yara sun amshe jirgin, wai in huta."

Bai kalle ta ba, hanya yake kallo, maganar kuwa ta yi ta zuwa. Da asuba yana jin fitarsu, shi yana kwance kamar tsohuwar koma. Barci ya ƙaurace masa, tuwo ba daɗi, abokan hira ma ya daina zuwa wurinsu. Tausayi ya kama Balaraba. Ba ta ankara ba sai ga su a bakin tafki.

"Baba, me ya hana ka faɗa mini a ɗaki?"

"Can tambayata kika yi, kina kallon idona, ga baƙuwa da biro. Mi zan ce? Nan ko tafiya muke."

Suka yi shawara za ta zauna da 'ya'yansa, ko sau biyu a mako a bar shi ya shiga ruwa, shi kuma zai dawo ranar Talata su ƙara hira. Ta juya za ta koma, ya ce sam, ta yi nisa da yawa, sai ya taka mata. Haka ya rako ta har asibiti, a hanya ya ƙara mata labarin maƙwabcinsa da shi ma ba ya barci.

Da Balaraba ta ba Nafisa labarin komai, sai Nafisa ta ajiye biro. Sauran marasa lafiyar ranar kowa sai da aka raka shi. Wata mai lambu ta yi kuka a gindin dalbejiya, ta share hawaye ta ce ta ji sanyi a ranta.

Da la'asar Nafisa ta buga waya Maraɗi, ta dawo tana murna. "Sun ƙara mana wata guda. Sun ce in tambaye ki me kike buƙata. Ɗaki na musamman mai ƙofa, ko kujeru?"

Balaraba ta zauna tana matsa ƙafa. Ta ɗaga takalminta da igiyarsa ta tsinke.

"Ki ce musu ɗaki muna da shi. Takalmi za su aiko, masu ƙwari."