Wayar Wuyan Kwalba

Ƙarfe biyu na rana ne, zafin bazara ya hana ko tsuntsu motsi, lokacin da marfin sarƙar babur ɗin Chindo ya kwance a hanyar da ta ratse daga Gazawa. Chindo, dattijo mai kabu-kabu, ya tsuguna yana lalube cikin rairayi, ƙusar ta ɓata.

Fasinjansa Muttaka ya tsaya gefe, rungume da kwalba kamar jariri. Tun asuba yake tafe daga Agiye, inda yake gadin masu haƙa rijiya. Matarsa Barira ta haihu a gidan iyayenta, gobe suna, kuma ubanta shi ne limamin ƙauyen. Shadda ɗaya ya ɗinka domin wannan zuwa, ita ce a jikinsa.

"Angon ƙarni, ba ka da 'yar waya ko igiya?" in ji Chindo.

Muttaka ya dubi kwalbar. Injiniya Bature, mutumin Fotugal, ya bar masa ita ran da zai tafi. Wuyanta naɗe da takardar zinariya, irin lemon nan mai kumfa da ake buɗewa a bikin masu hali a Maradi. Ya yi niyyar ajiye ta gaban surukinsa Malam.

"Ga wata nan a marfin kwalbar, Baba. Ado ce kawai."

Ya warware ta a hankali. Chindo ya ɗaure marfin sarƙar, suka hau.

Ba su yi nisa ba suka faɗa wani rami. Sai ji suka yi fau! kamar bindiga. Toshiyar ta tashi ta bi ta kunnen Chindo, kumfa ya yi tsiri ya sauko wa Muttaka daga wuya har cinya.

"Innalillahi! Taya ce?"

"Lemon ne, Baba."

Muttaka ya sauka. Don kada sauran ya tafi a banza, ya kurɓa. Ya jira zaƙi, zaƙi bai zo ba. Tsami ne siriri kamar na ɗanyen mangwaro, da ƙananan ƙwayoyi masu tsikarar harshe, a ƙarshe wani ƙamshi kamar ƙullin fanke da ya kwana.

"Ya lalace," ya ce. "Rana ta kashe sukarin."

Chindo ya karɓa ya sansana. Ya yi shekara tara yana dako a tashar jirgin ruwan Lome, hancinsa bai manta ba.

"Me Baturen ya ce maka?"

"Ya ce na garinsu ne, ba mai tsada ba. Wai a cikin kwalbar yake nuna."

"Nuna? Ka ɗauka gwanda ce? Ɗana, giya ce. Bai lalace ba, haka suke son ta, babu zaƙi."

Muttaka ya tofar, ya sake tofarwa, ya zauna a kan rairayi. Bai ma iya tsorata sosai ba don gajiya. Ya ɗaga gaban shaddar ya sansana. Daga nan ana hango hasumiyar masallacin surukinsa.

"Gaban Malam zan durƙusa da wannan. Sai ya kama hannuna ya jawo ni, haka yake yi."

"Da ka zuba masa a kofi fa?"

Muttaka bai yi dariya ba. Chindo ya juye sauran a gindin wata sabara, ya tura kwalbar cikin rairayi da ƙafa. Ya kwance bidon ruwa daga bayan babur.

"Kurkure baki. Cire rigar, wandon ma."

"Baba, ba ni da wata."

"Na ce ka cire."

A bayan sabara Muttaka ya wanke ƙirji da cinya. Da ya leƙo, Chindo na tsaye da singileti da gajeren wando, yana miƙo nasa kayan. Yadi ne mai arha, ya koɗe a kafaɗa, yana warin fetur. Hannun rigar bai kai wa Muttaka wuyan hannu ba.

Chindo ya sauke shi a bakin gari, nesa da idon mutane. Duk da haka, daga inuwar masallaci wani ya hango Muttaka ya ɗaga murya: "Ga angon ƙarni! Malam, ga shi nan!"

Muttaka ya gyara hula ya nufe su da sauri, yana jan hannun rigar ƙasa, bai waiwayo ba. Chindo ya shanya jiƙaƙƙiyar shaddar a kan tanki, ya juya babur ya bi bayan gari wajen rijiya, yana tunanin ko matan da ke can za su ara masa sabulu.