Hannu a Gwiwar Direba

Tun ina yaro ban taɓa ganin kowa a kujerar direba ta motar Baba ba sai shi. Ko makaniki, iyakarsa ya buɗe gaban mota ya saurari inji. Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa manyan motocin kaya, da ya ajiye aiki kuma ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota ya mayar da ita 'yar lelensa. A 'yan shekarun nan ba ya fita sai da Inna a gefensa. Yana kiranta Kwandasta, ita kuma ta ce masa Direba. Ƙannena mata sukan yi dariya a ɓoye, wai soyayyar tsufa ta kama su, domin duk tafiyar da za a yi, tafin Inna yana kan gwiwarsa.

Da safe abin ya faru. Ina ɗaki, inda nake yawan wuni tun da na gama jami'a nake jiran aiki, sai na ji butar shayi ta faɗi a kicin. Na tarar da Inna a durƙushe ta dafe ƙirji, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, ruwan zafi yana malala kusa da ƙafarta.

"Baba! Asibiti!"

Na ɗauke ta, na yi mamakin rashin nauyinta. Kafin in fito tsakar gida Baba ya riga ya tayar da mota. Na buɗe ƙofar baya.

"A gaba take zama," in ji shi.

"Ba za ta iya zama ba, Baba. Sai an kwantar da ita."

"Na ce a gaba take zama!"

Ban taɓa jin muryarsa ta yi rawa irin haka ba. Na ɗauka ruɗewa ce. Na kwantar da ita a baya, na naɗe zane na sa mata a ƙarƙashin kai, sannan na zagayo na miƙa hannu.

"Kawo in tuƙa. Hankalinka a tashe yake."

"Kai, mai digiri, hannun biro ne zai riƙe mini sitiyari? Shiga mu tafi."

Ba lokacin gardama ba ne. Na zauna a kujerar Inna.

Layinmu ya bi shi kamar yadda mutum yake bin ɗakinsa. Ya kauce wa ramin da ke gaban shagon tela, ya rage gudu daidai inda kwalbati ya rufta. Amma da muka hau babban titi sai na lura da yadda ya manne ƙirjinsa da sitiyari, ya miƙa wuya, yana ƙifta ido. Wani mai baro ya tsallaka da kayan katako. Baba bai taka birki ba. Mutumin ne ya ja da baya da tsalle, ƙarshen katako ya goge madubin gefena.

"Baba, ba ka gan shi ba?"

"Na gan shi. Mahaukaci ne."

Inna ta yi nishi a baya. Na waiga. Leɓɓanta sun yi fari, idonta a buɗe, amma ba ni take kallo ba, gilashin gaba take ƙoƙarin hangowa ta tsakanin kujeru.

Muka doshi babbar mararraba. Danja ta nuna ja tun daga nesa, motoci suna keta hanya daga hagu da dama, kuma babu kowa a gabanmu da za mu tsaya a bayansa. Na jira in ji motar ta lafa. Ba ta lafa ba. Baba ya ɗaga ƙafa daga totur, ya mayar, ya sake ɗagawa, kamar mai jiran a gaya masa wani abu. Bakina ya buɗe, amma kafin sauti ya fito sai ga hannun Inna ya ratso tsakanin kujeru, yana lalube. Bai kai gwiwa ba. Ya kama gefen rigarsa ya damƙe.

Baba ya taka birki har goshina ya kusa bugun gilashi. Wata tanka ta wuce ta gaban hancinmu, iskarta ta girgiza motar.

Hannun ya saki rigar, ya zame ƙasa.

Na dubi fuskar mahaifina da kyau, a kusa, cikin hasken safiya, abin da na daɗe ban yi ba. Wani fari-fari kamar hayaƙi ya lulluɓe baƙin idanunsa duka biyun. Na tuna tafin Inna a kan gwiwar nan, da dariyar ƙannena.

"Tun yaushe, Baba?"

Bai juyo ba. "Sa hannunka a gwiwata," ya ce a hankali. "In ka matsa, in tsaya. In ka saki, in tafi. In mutum zai tsallaka, ka buga da yatsa. Ba wuya. Uwarka ma ta iya."

"Me kake gani?"

"Haske da inuwa. Ya isa. Hanyar nan a kaina take."

"Masu tsallakawa ba sa cikin kanka. Ka sauka in tuƙa."

"Ina tuƙi kana goye, yaro. Ban taɓa taka ko kaza ba."

Danja ta koma kore. Na sani, shi bai sani ba, sai da aka fara danna oda a bayanmu. Ya kai hannu giya. Na riƙe wuyan hannunsa. Ban taɓa riƙe shi haka ba a rayuwata, kuma na ji ƙashin a tafina, siriri.

"Sake ni."

"Ba zan sake ba."

"Kana so ta mutu a nan muna jayayya?"

Gaskiya ya faɗa, kowace daƙiƙa daga ranta ake cire ta. Na yi tunanin in sa hannun a gwiwarsa kawai, mu tafi, a yi maganar daga baya. Amma akwai shataletale a gaba, da kasuwa, da 'yan makaranta.

Wani direban bas ya zagayo ta gefenmu ya zuro kai. "Kai tsoho! In barci kake ji ka koma gida jikoki su yi maka fifita!"

Jijiyar wuyan Baba ta miƙe. Sai muryar Inna ta fito daga baya, ƙasa-ƙasa, tana tsinkewa.

"Direba."

"Na'am, Kwandasta."

"Ni na sauka a nan. Ba na ganin hanya. Ka ba yaron sitiyari."

Odar motoci ta cika mararraba. Sannan Baba ya ja birkin hannu, ya buɗe ƙofa, ya fita. Na haura kujerarsa ta ciki. Ta gilashi na ga yana zagaye gaban motar, tafinsa a kan ƙarfen, yana shafawa yana bi, mutane suna zaginsa ta tagogi. Ya lalubo ɗaya ƙofar ya zauna inda Inna take zama.

Na saki kuloci da gaggawa, motar ta yi tsalle ta mutu.

"Bismillah," in ji shi. "Ba ta son garaje. Sake tayarwa."

Na tayar. Sai na ji tafinsa ya sauka a kan gwiwata, mai nauyi, mai ɗumi.

"A hankali. Saki. To, ba ta wuta. Ka ji kukanta ya canza? Sa ta biyu."

Haka muka keta shataletale da kasuwa, ni ina kallon hanya, shi yana sauraron inji, yana kuma kiran Inna lokaci-lokaci. "Kwandasta, kina nan?" Wani lokaci ta amsa, wani lokaci sai numfashinta kawai muke ji. Duk sanda ba ta amsa ba, yatsunsa sukan nutse a gwiwata.

A ƙofar asibiti ma'aikata suka fito da gado mai taya suka shige da ita da gudu. Muka zauna a benci a baranda. Bayan wani lokaci mai tsawo wata nas ta leƙo ta ce zuciya ce, an shawo kanta, amma ba don an kawo ta da wuri ba da labari ya sha bamban. Ta ce mutum ɗaya zai iya shiga.

Na zaro mukullin daga aljihu na sa a tafin Baba. Ya juya shi, ya shafa haƙoransa da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya lalubo aljihun rigata ya jefa shi ciki.

"Ka matsar da motar inuwa," ya ce. "Rana tana cin fentinta."

Ya miƙe, ya fuskanci dogon barandan da ƙofofinsa masu kama da juna, ya tsaya.

"Amma fara kai ni tukuna. Wace ƙofa ce?"