Nauyin Kathiresan a Mazarƙwaila

Dunƙule sittin da takwas na ɗauro, kowanne kilo guda, mazarƙwailar da na dafa da hannuna. Alwashi na yi wa ubangijinmu Murugan tun ranar da aka kwantar da ƙanena Kathiresan a asibiti: in ya tashi, zan kai shi tsohon haikali a ɗora shi a kan sikeli, in ba da nauyinsa. Ni na raine shi bayan rasuwar uwarmu, na san nauyinsa kamar yadda na san sunansa.

Wata bakwai ban gan shi ba. Yana birnin Chennai wurin aiki, kullum a waya maganarsa ɗaya ce, "Akka, na warke, likita ma ya gaji da ganina." Akka yake ce mini, wato Yaya, ko da gemunsa ya fara furfura.

A bakin ƙofar gabas muka haɗu da hantsi. Fuskarsa ta cika fam, har na ja kumatunsa.

"Kai Thambi, ƙanena, wannan ƙiba haka? Valarmathi, da me kike ɗura masa?"

Matarsa Valarmathi ta sunkuyar da kai. Na ɗauka miskilancinta ne, don dama ba ma shiri. Shekara goma sha biyu ban taɓa jin ta yi dariya ta buɗe baki ba.

Muka tuɓe takalma, dutsen tsakar haikalin ya riga ya yi zafi kamar tanda. Masu dako biyu suna biye da mu da buhuna. Kathiresan yana tafiya yana tsayawa, wai yana kallon sassaƙen ginshiƙai. Mutumin da tun yana yaro ba abin da yake kallo a nan sai mai sayar da gyaɗa! Na yi masa faɗa, na ce layi zai yi tsawo.

A ƙofar ciki maza ba sa wucewa da riga. Nan ya fara kame-kame.

"Akka, ba a yi daga nan?"

"Daga nan ina? Yau ka fara zuwa? Cire mana, mutane na jira."

Ya cire riga, ashe da wata a ƙarƙashi, da kuma wata. Da ta ukun ta fita sai na ga haƙarƙarinsa, ana iya ƙirga su daga nesa. Amma na ce wa kaina ai mai jinya sai a hankali yake mayar da jiki.

Mai sikelin tsoho ne, da toka a goshi. Ya zaunar da shi a faranti ɗaya, ya shiga jera dunƙule a ɗayan yana ƙirgawa da ƙarfi. A arba'in da tara ƙafafun ƙanena suka bar ƙasa.

"Ya yi daidai, Mama," in ji tsohon.

"Bai yi ba. Sikelinku ya tsufa. Sittin da takwas ne."

"Shekara talatin ina kan wannan sikeli."

Na kama sarƙar ɓangaren Kathiresan na danna da dukkan ƙarfina. "Ci gaba da zubawa!" Tsohon ya dube ni, ya ɗauki dunƙule ɗaya, sai ya tsaya da shi a hannu.

Valarmathi ce ta taɓa kafaɗata. "Kumburin magani ne a fuskarsa, Akka. Tun wata uku likita ya ce mu koma gida, ba sauran abin yi. Shi ya hana ni faɗa miki."

Na ji haushinta, na ji haushinsa, na ji haushin Murugan da ke ciki ana yi masa wanka da madara. Ban saki sarƙar ba.

"Akka, saki," in ji Kathiresan a hankali. "Ba tashin na yi ba? Ga ni na zo da ƙafata. Ba Murugan nauyin abin da ya rage a jikina."

Na saki. Farantin ya ɗaga shi sama kamar ba kowa a ciki.

Tsohon ya tambaya ko za mu bar sauran. Na ce a'a, wanda ya ba ni rabin ƙane ba zai ci cikakken alwashi ba. Dunƙule goma sha tara na koma da su gida a bayan bas, na ajiye ƙarƙashin gado, na ce in ya ƙara ko kilo guda zan dawo in cika.

Da su muka dafa kunun zaƙin da aka raba wa mutane ranar sha shida da ƙona gawar Kathiresan. Ni da Valarmathi muka farfasa su.