Samin ɗin Inna

Ranar da likita ta ce kitse ya yi yawa a jininsa, Wada dariya ya yi har da buga cinya. Shi da kitse? Mutumin da ya shekara ashirin yana yankan riɗi a gonakin Gadarif ta ƙasar Sudan, wanda ake ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa!

Likita Israa ba ta taya shi dariyar ba. Ta ɗora biro kan lambobin takardar gwajin, ta ce wannan kitsen ba ya fitowa a kumatu, cikin hanyoyin jinin zuciya yake kwanciya yana matse su. Yadda lambobin suka hau, ga ciwon ƙirjin da ke tsayar da shi a tsakiyar gona, tana tsoron toshewar ta yi nisa. Magani kullum. Samin kuwa, man shanun nan da ake narkawa, ko a mafarki.

To, nan fa ake yin ta. Inna, mahaifiyarsa, ta makance, kuma aiki ɗaya ya rage mata a gidan: kowace safiya ta narka samin, ta cika finjali, ta miƙa masa. Haka ta riƙa yi wa wansa Husain har ranar da ya faɗi a gona bara, dafe da ƙirji. Inna ba yarinya ba ce. In ta ji likita ta hana, za ta haɗa wannan da wancan, ta ƙare kwanakinta tana cewa ita ta kashe ɗanta.

Ya gwada dabara. Ya zubar bayan randa, ta ji tsiyayar. Ya miƙa wa matarsa Salwa, tsohuwa ta ce ya matso ta sunsuna bakinsa. Abin ya ishe shi, tsoro kuma ya hana shi sakat.

"Halas, ya isa haka, Abu Rahma, ka faɗa mata," in ji Salwa wata safiya, tana kiransa da sunan 'yarsu. "'Ya'yanka fa?"

Ya durƙusa gaban tabarmar. "Inna, akwai magana."

Ta laluba ta kama wuyan hannunsa, ta zagaye shi da yatsu biyu, har suka haɗu.

"Ya waladi, ɗana, ka rame! Ɗaya ya rage mini, shi ma yana zubewa." "Wace magana?"

Salwa na tsaye tana girgiza masa kai, alamar kada ya fasa.

"Ba komai, Inna."

Ya karɓi finjalin ya shanye. Ta shafa kansa, ta ce daga gobe biyu zai riƙa sha.