Hayaƙin Rékia a Bakin Kogi

Shekara huɗu Rékia tana aikinta a Paris, amma ko sau ɗaya Inna Huraira, ƙanwar mahaifiyarta da ta raine ta, ba ta taɓa zuwa kallo ba. Aikin kuwa hayaƙi ne mai launi da tartsatsin wuta, tana cinna su a fili don karrama matan da ke wahala ba a ganinsu, masu shara da masu jinyar tsofaffi. Minti biyar komai ya watse. Inna, wadda ta shekara ashirin tana naɗe kaya a wani sito a Vénissieux, daf da birnin Lyon, in an tambaye ta sana'ar 'yarta sai ta ce, "Karatu take har yanzu." Maganar nan tana ci wa Rékia rai ƙwarai.

Da aka gayyace ta Lyon, ta ɗauki waya.

"Inna, wannan karon a ƙofar gidanki ne. Jirgin métro kawai za ki shiga."

"Mu gani, ɗiyata, in ƙafa ta bari."

Ƙafa ta bari. Ranar Asabar da la'asar Inna ta iso bakin kogi da ƙawayenta goma sha ɗaya, kowacce ta sha leshi kamar mai zuwa biki. An ja igiya don 'yan kallo su tsaya nesa. Rékia ta cinna tukwanenta, hayaƙi ja da shuɗi da ruwan ɗorawa ya turnuƙe.

To, macen Damagaram ba ta ganin hayaƙi na tashi daga kasko ta bar shi ya tafi a banza. Inna ta ɗaga igiya ta shige, ta baza mayafinta bisa tukunya kamar mai turara kaya. Sauran suka mara mata baya. Mai gadi ya biyo su yana "Mesdames, mesdames!" amma wa zai saurare shi? Mayafai na kaɗawa, hayaƙi na bin su, wata ta rangaɗa guɗa. Turawa suka ɗauka cikin shirin ne, suka yi ta tafi. Rékia, da ta dafe kai tana jiran abin kunya, sai ga ta tana dariya har da hawaye.

Inna ta fito tana tari, goshinta ya yi shuɗi.

"Rékia, launi ya yi, amma hayaƙinki babu ƙamshi ko kaɗan. Hakanan aka koya maki a Paris?"

Ta juya ga mai gadi, ta kama hannun Rékia ta ɗaga sama.

"C'est ma fille, ɗiyata ce. Artiste ce, mai fasaha. Daga yau ni ke haɗa mata turare."