Robar Baƙin Mai

Mun wuce rabin hanyar Gaya injin mashin ɗinmu ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Maigidana Inuwa ne ke tuƙi, ni ina baya, 'yarmu Hussaina tana tsakaninmu na rungume ta. Ƙafarta ta dama, inda kububuwa ta sare ta a gonar gyaɗa, ta kumbura har ɗankwalin da na ɗaure mata ya nutse cikin nama. Mashin ɗin ya yi tari sau biyu, ya saki hayaƙi mai ƙauri, ya tsaya.

Inuwa ya taka kik, ya ƙi motsi. Ya sake takawa da dukkan nauyinsa, abu ya sandare. Rana tana tsaka, dawa ta rufe hanya hagu da dama, kowa yana gona, ko keke babu.

"Inna, mun iso?" in ji Hussaina, jini na tsattsafowa daga dasashinta.

Na ce mata mun kusa. Ƙarya na yi mata, kuma ita ce magana ta ƙarshe da ta ji daga bakina da hankalinta. Inuwa ya yar da mashin a gefen hanya, ya goya ta ya kama gudu, ni ina binsa ba takalmi. Mun fi awa ɗaya a haka kafin wani mai a-daidaita-sahu ya tsince mu. A asibiti ma'aikata sun yi iya yinsu. Ɗaya daga cikinsu ta ce da mun zo da wuri, sai ta dubi fuskata ta haɗiye sauran.

* * *

Abin da ke ci mini rai shi ne, duk ƙauyenmu Balan babu mai kula da mashin kamar Inuwa. Har tsokanarsa ake yi wai ya fi wanke shi a kan yadda yake wanke jikinsa. Da kansa yake ɗaure sarƙa, ya goge fulogi, ya duba birki. Juyen baƙin mai kuwa ba ya bari lokacinsa ya wuce. Yana da wata al'ada: in ya gama juye, sai ya ɓare takardar da ke jikin robar man, ya ɗauki ƙusa ya karta kwanan wata a wurin, ya jefa ta bayan rumbu, don ya san ranar da zai sake. Yakan ce mashin ɗin nan shi ne motar asibitinmu, kuma gaskiya ya faɗa, don matan unguwarmu da yawa a kansa suka je haihuwa.

Robobin nan sun taru sun zame mini shara. Wata rana da bazara wani mutum ya zo ƙofar gida da kaya a bayan keke, yana musayar tsofaffin robobin mai da kwanukan roba. Masu marfi kawai yake karɓa, kuma sai ya ɗaga kowacce ya duba ko ta huje. Ban tambaye shi me zai yi da su ba. Na kwashe masa duka, ya ba ni jan kwano ɗaya, Hussaina ta ce nata ne. Har daɗi na ji wai na yi dabara.

Kwana huɗu kafin maciji ya sare ta, Inuwa ya sayo baƙin mai a kasuwar Ajingi wurin wani mai shago, Nu'uman, a rufe da hatiminsa. Ya yi juye da sassafe cikin gaggawar cirar gyaɗa, ya ajiye robar a kan katanga bai karta komai ba.

* * *

Bayan sadakar uku aka turo mashin zuwa wurin Kolo bakanike a Gaya. Na ce sai na bi. Inuwa ya dube ni, bai hana ni ba.

Kolo ya kwance injin, ya tara abin da ya zubo a faranti, ya murza shi tsakanin yatsunsa, ya sansana. Ya ce wannan ba mai ba ne. Tsohon juye ne da ake bi gareji gareji ana tarawa, a tace shi da tsumma, a sirka da kananzir ya yi haske, a ɗura a tsohuwar roba, a manna sabuwar takarda, a buga hatimi. In injin ya ɗauki zafi sai ya tsinke kamar ruwa, ƙarfe ya ci ƙarfe. Ya ce a watan nan kaɗai wannan ne inji na shida da ya buɗe a haka.

Na shida. Kuma kowa ya sani, kowa ya yi shiru, ana ta gaisawa a masallaci.

Daga nan Ajingi muka nufa a motar haya. Nu'uman yana zaune da carbi a hannu, robobi jere a bayansa suna ƙyalli. Da Inuwa ya faɗa masa abin da ya faru, ya yi salati, ya yi mana ta'aziyya mai kyau, sannan ya ce shi ma haka aka kawo masa, a rufe, bai shiga ciki ya gani ba.

"Wa ya kawo maka?" na ce.

"Hajiya, kaya daga Kano suke zuwa, hannu da yawa."

"To, sauke sauran daga kanta. Yanzu, ina kallo."

Bai sauke ba. Maƙwabtan shagonsa suka taru a kaina, wai in yi haƙuri, wai kwana ne ya ƙare, wai mace mai zaman makoki ba ta ɗaga murya a kasuwa. Na san kwana yana ƙarewa, ba su za su koya mini ba, ni da na binne Hassana, abokiyar tagwaicin Hussaina, tun ba a yaye su ba. Amma ba ƙaddara ce ta zauna ta tace dattin gareji da tsumma ba, mutum ne, da hannunsa, kuma ya ci abinci ya ƙoshi a ranar. Muna tsaye a wurin wani mai mashin ya zo ya sayi roba ɗaya. Na ce masa kada ya saya. Ya dube ni kamar mahaukaciya, ya soke ta a buhunsa ya tafi.

* * *

Da la'asar muka dawo gida. Inuwa ya zauna a gindin katanga, ya ɗauko robar nan yana jujjuya ta. Hannunsa ya saba, sai ya sa farce ya ɓare takardar. Na ga ya tsaya cak.

A ƙarƙashinta akwai kwanan wata da aka karta da ƙusa, na watan azumin da ya wuce. Rubutun Inuwa ne, ga lambar bakwai ɗinsa mai ƙugiya, wadda Hussaina take yi wa dariya.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tashi ya leƙa bayan rumbu, ya dawo.

"Bara'atu, ina robobin da nake tarawa?"

Idona ya tafi ƙofar ɗaki, nasa ya bi shi. Jan kwanon yana nan inda maƙwabta suka ajiye shi ranar da suka tsinto shi a gona, da gyaɗar da ta fara tsinka a ciki, ko rabi ba ta kai ba.