Takardar da Ta Yi Yawa

Alhaji Barmo ya juya takardar hagu da dama, sannan ya miƙa wa sakatarensa ya karanta masa. Da aka zo kan kalmar injiniya sai ya ɗaga hannu, ya ce ya isa.

Tahira na zaune kan benci, ta riga ta san abin da zai biyo baya. Shekara biyu ke nan da ta dawo Tsibiri daga jami'ar Yamai da difilom ɗin aikin gona, daidai lokacin da gwamnati ta daina ɗaukar ma'aikata. An yi taron ƙasa, an yi zaɓe, darajar kuɗin sefa ta karye, ita ko tana ɗakin uwarta. Wurare uku ta nemi aiki a Maraɗi, ko'ina aka ce karatunta ya fi ƙarfin kujerar. Da safen nan ma yayanta Idirisa ya roƙe ta ta ɓoye difilom ɗin, ta ce a sakandare ta tsaya. Ta ce masa shekara biyar ta yi tana cin garin rogo a Yamai kafin ta same shi, ba za ta ɓoye shi kamar kayan sata ba.

Mai kula da siton wake Alhaji yake nema a nan Sabon Gari. Ya yi mata bayani cikin ladabi: mai irin wannan takarda ba ya zama, gobe buron gwamnati ya kira ta ta tafi, kuma 'yan dako ba za su saki jiki da ita ba.

"Ɗiyata, karatunki ya yi mana yawa," in ji shi.

"Alhaji, gwamnatin da ke fama da yajin aiki ce za ta kira ni? In kana tsoron in tafi, mu rubuta yarjejeniyar shekara biyu, in sa hannu. Amma kafin ka sallame ni, a buɗe mini siton."

Ya yi murmushi, ya miƙe da makullai. Suna shiga ta tsaya ta shaƙi iskar wurin. Ta wuce buhunan gaba, ta nufi na jikin bango, ta tura hannu cikin ɗaya har gwiwar hannu. Waken na da ɗumi. Ta damƙo ta buɗe tafinta a hasken ƙofa: ƙananan huji a jikin waken, da gari, da ƙwari suna yawo tsakanin yatsunta. Ta gaya masa an jera buhunan a ƙasa ba katako, kuma in aka bar su haka, kafin motocin Kano su zo rabin siton ya zama dusa.

Murmushin ya ɓace. Ya dubi buhuna ɗari huɗu, ya dube ta. Ya ce maganar aiki dai sai ya yi shawara da 'ya'yansa, amma tun da ta gani, ta faɗa wa sakatare maganin da za a sa da yadda ake sa shi.

Tahira ta kakkaɓe hannunta, ta karɓi takardarta daga hannun sakatare, ta mayar cikin jaka.

"Ai wannan yana cikin karatun da ya yi yawa, Alhaji."

"Haba ɗiyata."

"Ina Tsibiri, bayan makarantar lakkwal, gidan Malam Ilyasu. In kun gama shawara a aiko. Sai dai su ƙwarin ba su jiran shawara."

Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta fita bakin hanya ta tare kabu-kabu. Tana hawa ta ji sakatare na kiran sunanta daga ƙofar siton, ta ce wa mai mashin su tafi.